Mawallafi, Marubuci da Mai Littafi: Sunaye Uku da “Haƙƙin Mallaka” Ya Haɗiye

Duk wanda ya sayi littafin Hausa a kasuwar Dole ta Damagaram, irin waɗanda ake bugawa a Kano ko Zariya su ƙetaro iyaka ta Matamaye ko ta Magarya, in ya buɗe shafi na biyu zai tarar da kalmomi biyu: haƙƙin mallaka. Suna da shekara na biye da su, wani lokaci har da gargaɗin kada a sake buga littafin sai da izini. Mun saba da su har ido ya daina tsayawa a kansu. To amma tun da karatu ya fara ƙaura daga takarda zuwa waya, kalmomin nan ne ke yanke abin da ɗalibin Jami'ar André Salifou zai iya buɗewa da abin da zai iske a kulle. Sun isa a zauna a tone su.

Ta farkon ba ni da ƙorafi a kanta. Haƙƙi daga Larabci muka aro shi, ya kuwa zauna daram a bakin Bahaushe. Akwai haƙƙin maƙwabci, da na maraya, da na leburan da ya yini yana kwaɓa ƙasa. Wanda ya ci haƙƙin wani, ko alƙali bai ji labari ba, ya san akwai ranar da za a tambaye shi. Shi ya sa matan da ke rubuta labarai suna sayarwa ta WhatsApp ba su cika yi wa masu fitar musu da littafi barazanar lauya ba. Sukan rubuta a saman shafi cewa littafin na kuɗi ne, wanda ya karanta bai biya ba ba su yafe ba, wasu su ƙara da Allah ya isa. Akwai masu karatun da wannan layin ke tsayar da su fiye da duk wata doka da aka sa wa hannu a Yamai ko Abuja.

Matsalar tana ga mallaka. Da wannan kalma muke maganar gona da gida da raƙumi, abin da in wani ya ɗauka ka rasa shi. Littafi kuwa abu biyu ne a haɗe: ga takardar da ake riƙewa, ga maganar da ke kanta, wadda mutum dubu za su ɗauka ba ta ragu ba. Kalmar mallaka ba ta faɗi wanne take nufi ba, kuma daga wannan shirun nata rikicin ɗakunan karatu ya samo tushe.

Malaman Birnin Damagaram na da ba su da wannan ruɗani. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin Tarabulus kan sauka a unguwar Zango ta hanyar Gat da Agadas, cikin kayansa har da takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku idan an ɗaga ta a rana. Takarda tana da tsada, littafi kuma da hannu ake yin sa, da alƙalamin kara da tawada, warƙa warƙa ba ɗinki, a ɗaure cikin tadarishi a sa a gafaka. Idan ka juya zuwa warƙar ƙarshe ta irin waɗannan littattafai, sau da yawa za ka ga mai rubutun ya sanar da cewa aiki ya kammala, ya gode wa Allah, sannan ya jera mutane. Akwai mawallafi, wanda ya tsara maganar. Akwai marubuci, wato shi mai alƙalamin da ya juya ta. Akwai mai littafi, wanda aka juya dominsa. Yakan rufe da roƙon mai karatu ya yi masa addu'a shi da iyayensa.

Mutum uku ke nan, kowa da haƙƙinsa daban. Na mawallafi shi ne kada a goge sunansa, kada a sa masa abin da bai faɗa ba. Na marubuci shi ne ladansa, na hannu da na lahira. Mai littafi shi ke da takardar: ya sayar, ya bar wa magada, ya ba da aro, ko ya yi wakafi da ita ga masallaci ko makaranta. Abin lura, babu ko ɗaya cikinsu da ke da ikon hana maganar yaɗuwa da zarar ta fita. Almajiri zai durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, a taimaka mini da aron littafin nan in juya,” kuma malamin da ya hana ba dalili, rowar ilimi za a ce ya yi, abin da malamai ke jin tsoronsa ƙwarai. Kada a ɗauka kome a buɗe yake. Kundin asirai ba mai ba ka aronsa, wani ko ɗansa sai ya manyanta yake nuna masa. Kuma akwai izini mai ƙarfi a tsarin, wato ijaza, sai dai ita izinin karantarwa ce da isar da littafi daga malami zuwa ɗalibi. Ƙofar da suka tsare ita ce ta wanda zai zauna ya fassara wa jama'a, ta mai juyawa kuwa sun bar ta a buɗe.

Har ginawa a kan aikin wani sun mayar da shi fanni mai suna. Tahamisi shi ne ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ka ƙara masa uku naka. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu waƙar Alfazazi ce da tahamisin Ibn Mahib, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan sata, domin kowa ya san ɗangon wane da na wane. Yau in mawallafin yana raye, doka za ta ce sai ka nemi izininsa kafin ka buga irin wannan aiki.

Da injin ɗab'i ya zo, sai sunayen suka zame daga mazauninsu. Mai juya littafi da hannu ya ja baya, sunansa ya koma kan mai tsara magana, shi ne yau muke ce wa marubuci. Mawallafi kuma ya fara nufin mai buga littafi ya sayar, har ta kai yanzu wanda ya ɗora hoton tuwo a Facebook ma cewa ake ya wallafa. Aka wayi gari harshen da ke da suna uku don mutum uku yana kiran haƙƙinsu duka da suna ɗaya.

Wani ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, ya faɗa cikin wannan rami tun kafin a san da ramin. Dorugu an haife shi wajajen 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance. An kama shi yana yaro aka sayar da shi bawa a Barno, Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi, da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, ya bi shi har Tambutu, daga bisani har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi da Hausa, Schön yana rubutawa. Da yawa daga abin da ke cikin littafin Magana Hausa, wanda aka buga a Landan a 1885, daga bakin yaron nan ya fito. Sunan da ke kan bango na Schön ne. Bai ɓoye Dorugu ba, ya ambace shi, amma a tsarin buga littafi na Ingila mai alƙalami shi ne mai aiki. Da malamin Birni aka ba wa warƙar ƙarshe ya cika, da ya rubuta Dorugu a gurbin mawallafi, Schön a gurbin marubuci, ba tare da ya yi dogon tunani ba. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, bayan ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa.

Dubi inda maganarsa take yau. Littafin 1885 wa'adin kariyarsa ya wuce tuntuni, manyan ɗakunan karatu na waje sun ɗauki hotonsa, mai intanet zai iya samunsa kyauta, sai dai da tsohon rubutun boko na Schön mai wahalar karantawa. Wanda aka gyara aka yi wa sharhi, aikin Anthony Kirk-Greene da Paul Newman da Jami'ar Yale ta buga a 1971, da Turanci yake kuma yana ƙarƙashin kariya. Ba laifinsu ba ne, aiki suka yi kuma haƙƙinsu ne. Amma ga tambayar da nake so kowane malamin Hausa a Damagaram ya yi wa kansa: tun da asalin Hausar Dorugu ba ta hannun kowa, me ya hana mu sake rubuta ta da ƙa'idar yau mu raba wa ƴan makaranta? Ba doka ce ta hana ba. Ina zargin tsoron kalmar mallaka na cikin abin da ya hana, domin mun ɗauka duk abin da aka buga a Turai yana da mai shi har abada.

Ita dokar kanta suna biyu gare ta, kuma iyakar da ke tsakanin Damagaram da Daura ce ta raba su. Najeriya ta gaji copyright na Ingila, wanda ya faro da dokar 1710, ma'anarsa iko a kan kwafi, wa zai buga wa zai sayar. Nijar ta gaji droit d'auteur na Faransa, daga dokokin juyin juya hali na 1791 da 1793, ma'anarsa haƙƙin wanda ya tsara aikin. Tsarin Faransa ya kasa haƙƙin gida biyu. Akwai na dukiya, mai wa'adi, wanda ake iya sayarwa. Akwai kuma na mutunci, cewa a ambaci sunanka kuma kada a jirkita maka aiki, shi wannan ba a sayar da shi kuma ba ya ƙarewa. Wanda ya karanta abin da na faɗa a kan warƙar ƙarshe zai gane wannan na biyun, don shi ne tsohon haƙƙin mawallafi, ya dawo mana da Faransanci. Kalmar haƙƙin mallaka kuwa ta fi kusa da tunanin Ingila, ta shigo mana cikin kwalayen littattafan Kano, alhali dokar da ke mulkin Damagaram wani abu take cewa. Da ni za a tambaya, haƙƙin mawallafi zan kira dokar Nijar.

Nijar ta yi dokarta ta kanta a watan Maris na 1993, ta sauya ta da wata a Disamban 2010, kuma hukumar BNDA ce ke karɓar kuɗin masu fasaha ta raba musu. Sama da wannan akwai yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ta kafa ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedkwata a Yawunde, sannan yarjejeniyar Berne, wadda ta faro a 1886, da ke cewa kariya ba za ta gaza tsawon ran mawallafi da shekara 50 bayansa ba. Najeriya 70 take bayarwa ga littattafai. Masu cewa duk wannan bidi'ar Nasara ce su sani cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin talifi abin kiyayewa ne a shari'a kuma bai halatta a keta shi ba. Zamanin da mawallafi ke ci daga gonarsa ko daga kyautar sarki ya wuce. Wanda ya kashe shekara yana rubutu ya biya maɗaba'a daga aljihunsa yana da haƙƙin guminsa.

Akwai wani canjin suna a tsakanin dokokin Nijar biyu da ya kamata a lura da shi. Ta 1993 ta yi maganar folklore, ta 2010 ta ajiye kalmar ta ce gadon al'adu na gargajiya. An kyauta, don tsohuwar kalmar tana da ƙanshin raini, kamar abin da ƙauyawa ke yi ba mai shi. Sai dai sabon sunan bai warware wa mai kula da taskar sauti matsalarsa ba. Waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Damagaram, suna da mai su sananne, amma kirarin sarakunan da ya gina a kai gado ne. Wasannin kwaikwayon da ƙungiyar su Yazi Dogo ta yi a gidan rediyo da talabijin na Damagaram, waɗanda Janet Beik ta yi littafi a kansu a 1987, galibi ba rubutattu ba ne, ƴan wasa ne ke gina su tare a wurin gwaji. Yau in ana so a kwashe tsofaffin kaset a mayar da su na kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye su, sannan a buɗe wa jama'a, wa za a tambaya? Turawa suna kiran aikin da aka rasa mai ba da izininsa maraya, har Tarayyar Turai ta yi masa doka a 2012. Sunan ya dace da kunnenmu, don mun san abin da ake bin mai riƙon maraya: ya kula da shi, ya adana masa dukiyarsa har mai ita ya bayyana. Kulle shi a ɗaki har ya lalace ba riƙo ba ne.

Sai kuma aikin da wa'adinsa ya cika, wanda Faransanci ke cewa ya shiga domaine public. Masu fassara kan ce ya zama na kowa. Ba na son wannan fassara, domin a wurinmu abin kowa shi ne abin da ba mai gyara shi. Muna da kalmar da ta fi, wakafi. Littafin wakafi ba a sayar da shi, ba a gadonsa, ba a hana mai bukata, kuma yana da mai kula da shi wanda amana ce a wuyansa. Ban san wani bayani na aikin ɗakin karatu da ya fi wannan ba.

Bambancin takarda da maganar da ke kanta ya fi tsanani a kan rubuce-rubucen hannu. A Yamai, sashen MARA na cibiyar IRSH yana riƙe da kimanin 4,000 na Larabci da ajami, tarin da Boubou Hama ya faro, ban da waɗanda ke cikin akwatuna da gafakoki a gidajen malamai. Idan mai bincike ya zo da kyamara, mai gida yakan ce littafin mallakarsu ne. Gaskiyarsa, takardar tasu ce, yana da ikon ya yarda ko ya ƙi, kuma tsoronsa yana da dalili, don an sha karɓar kayan mutane ba a mayar ba. Amma shi mai littafi ne, maganar wani malami ce da ya rasu shekara 200 da suka wuce. Haka ita ma cibiyar da ta ɗauki hoton, ko a Landan take ko a Paris, matsayinta na marubuci ne, mai juyawa. Gallica, taskar intanet ta babban ɗakin karatun Faransa, tana barin a karanta tsofaffin littattafai kyauta, wanda zai yi kasuwanci da hoton kuma ya biya. Wannan sharaɗin mai ajiya ne, kada a ɗauke shi haƙƙin mawallafi. Abin da ya kamata gidan malam ya tsaya a kai shi ne a rubuta sunan gidan a jikin kowane hoto, a bar musu kwafinsu, a bar wani a Damagaram, kuma a rubuta yarjejeniyar da harshen da mai gida ke karantawa.

A sababbin littattafai kuwa ɗakin karatu ne ya rasa matsayinsa. In ya sayi na takarda, shi ne mai littafi, ya ara wa wanda ya so har littafin ya yage. In na kwamfuta ne, lasisi ake ba shi, wato haya, ranar da kuɗi ya yanke ko kamfani ya janye sai kanta ta zama wayam. Shirin Research4Life, wanda ya faro da na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, yana buɗe wa jami'o'in ƙasashe irin Nijar dubban mujallun ilimi kyauta, kuma alheri ne babba. Amma zanen aro ba ya rufe katara. A Amurka taskar Internet Archive ta gwada riƙe tsohon matsayin, ta sayi littafi ta ɗauki hotonsa ta ara wa mutum ɗaya a lokaci ɗaya, masu buga littattafai suka kai ta ƙara, ta faɗi a 2023, ta sake faɗuwa a ɗaukaka ƙara a 2024.

Abin da doka ta bar wa ɗakin karatu, togiya take kiransa, wato ɗan abin da aka cire daga haƙƙin wani. Gyaran yarjejeniyar Bangi na 1999 ya yarda ɗakin karatun da ba na riba ba ya yi kwafi ɗaiɗai, don adana littafi ko maye wanda ya ɓace ko biyan bukatar mai nazari, kuma da injin fotokofi a zuci aka rubuta shi. Mutanen Damagaram sun san abin da ake nufi da ɓacewar littafi, tun ranar 16 ga Janairun 2015 da aka cinna wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wuta a lokacin zanga-zanga. Ɗakin karatun da bai ajiye kwafin kwamfuta a wani wuri ba, dare ɗaya ya ishe shi. Ni a ganina adanawa wajibi ne a kan mai riƙon amana, bai kamata ta zauna a doka da sunan alfarma ba.

Satar fasaha ma laifi biyu ta haɗa a suna ɗaya. Wanda ya goge sunan mawallafi ya sa nasa, da wanda ya buga littafin wani yana sayarwa a kasuwa mai shi bai ga ko dala ba, waɗannan sun ci haƙƙi. Ɗalibar da ta ɗauki hoton babi ɗaya da wayarta, daga kwafi ɗaya tilo da ajinsu duka ke layi a kansa, ba ta cikin sahunsu, kuma kiranta ɓarauniya yana sa ma'aikacin ɗakin karatu ya hana abin da doka ma ba ta hana ba.

André Salifou, ɗan Damagaram, ya fitar da littafinsa na tarihin sarautar Damagaram a ƙarni na 19 a 1971, cikin jerin Études Nigériennes na cibiyar binciken Yamai da ta zama IRSH. Ya rasu a 2022. Ko da mafi ƙarancin wa'adin Berne aka lissafa, littafin yana cikin kariya har ƙarshen 2072. Jami'ar da ke ɗauke da sunansa ba ta da ikon ɗora shi a intanet don kanta, sai da yardar masu haƙƙin. Amma masu haƙƙin suna da hanyar yin wakafi da shi tun yanzu. Lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a 2002, yana ba su damar cewa kowa ya karanta ya raba, da sharaɗin a ambaci sunan mawallafi, kada a sauya aikin, kada a sayar. Takarda ɗaya ce tsakanin magada da cibiyar da ta buga da jami'ar, kuma irinta za a iya kai wa kowane gida a Birni da Zango da ke da littafin mahaifi wanda ya ƙare a kasuwa.